Fuskar Baba tana kumbura, ƙafafunsa sun yi nauyi: mu jira ranar da aka rubuta a kati?

Assalamu alaikum, Hajiya. Daga Aboabo nake rubuto miki, nan Kumasi. Babanmu shekararsa 63, duk rayuwarsa a Magazin na Suame, unguwar makanikai da maƙera, ya yi ta yana walda. Tun hunturun bara yake tari. Da farko aka ce tibi ne, ya sha magani wata huɗu, babu sauƙi sai rama. Daga baya aka tura mu asibitin Komfo Anokye, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, aka ce ciwon daji ne a huhun dama. Kwana tara ke nan da aka yi masa allurar kemo ta farko, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kuma an rubuta mana a kati mu koma nan da kwana goma sha biyu.

Yau kwana huɗu fuskarsa tana kumbura, musamman da asuba, har hularsa ta daina shiga. Jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a wuyansa da ƙirjinsa. Ya ce in ya yi sujada ji yake kamar kansa zai fashe. Ga ciwon baya da yake cewa kamar an ɗaure shi da igiya, ba ya barinsa barci. Jiya sai da yayana ya riƙe shi zuwa banɗaki, ƙafafun sun yi masa nauyi. Baba Ƙarami, wanda shi ke riƙe da kuɗin jinya, ya ce zafin allura ne, zai wuce, mu jira ranarmu, kada mu je likita ya yi mana faɗa mu kuma yi asarar kuɗi. Mma kuka kawai take yi. Ni ce auta, kuma mace, maganata ba ta da nauyi a gidan. Hajiya, mu jira ko mu tafi?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ku tafi. Yau, yanzu, sauran abin da na rubuta ki ƙarasa karantawa a cikin mota. Na ture wasiƙun da suka riga taki zuwa na fara da ita, domin abubuwa biyu da kika ambata, kumburin fuska da nauyin ƙafa, kowanne shi kaɗai ya isa a tashi marar lafiya da tsakar dare a kai shi asibiti. Ku nufi sashen gaggawa na Komfo Anokye, asibitin Gee kamar yadda muke ce masa, tunda can fayil ɗinsa yake, can kuma likitocin da suka san ciwonsa suke. Kada ku biya ta kantin magani, kada ku tsaya a ƙaramin asibitin unguwa a ɗaura masa ruwa a ce ku dawo gobe.

Ranar da aka rubuta a katin nan ranar allura ta biyu ce. Yawanci ana ba da tazarar kwana 21 tsakanin allura da allura domin jiki ya farfaɗo, kuma in kika haɗa tara da goma sha biyu abin da zai ba ki ke nan. Likita ya rubuta ta ne bisa yadda ya ga Baba a wancan yinin. Bai ga fuskar ta kumbura ba, bai ga ana riƙe shi zuwa banɗaki ba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin jinya, kuma ban taɓa ganin likitan ciwon daji ya yi fushi don an kawo mai irin waɗannan alamu kafin ranarsa ba. Abin da na sha ji da kunnena shi ne, me ya hana ku kawo shi tun shekaranjiya?

Bari in gaya miki abin da nake tsoro game da fuskar. A cikin ƙirji, ta ɓangaren dama, akwai wata babbar jijiya wadda duk jinin da ya fito daga kai da wuya da hannuwa ke bi ya koma zuciya. Bangonta ba shi da kauri, abu kaɗan ke matse ta. Idan ƙarin da ke huhun dama ya girma, ko kaluluwar tsakiyar ƙirji ta kumbura, sai su danne ta kamar yadda ake taka tiyon ruwa. Jini yana hawa kai, ba ya samun hanyar sauka. Shi ya sa kumburin ya fi yawa da asuba, bayan mutum ya kwana kansa da ƙirjinsa a jere. Shi ya sa sujada ke yi masa wuya, domin kai ya koma ƙasa da zuciya, jinin ya ƙara taruwa. Jijiyoyin da kika ga sun fito a wuya da ƙirji kuwa, jinin ne yake neman wata hanyar da zai bi ya zagaye wurin da aka toshe. Ciwon dajin huhu shi ne ya fi kowace cuta jawo wannan. Allurar kemo tana sa amai, tana sa kasala, tana zubar da gashi, amma ba ta fito da jijiyoyin ƙirji, ba ta hana sujada. Haɗarin shi ne kumburin ya kai maƙogwaro, murya ta dushe, numfashi ya fara fito kamar ana busa sarewa, ko ya kai ƙwaƙwalwa mutum ya fara ruɗewa. Kuma abu ne da ake da abin yi a kansa. Ana zaunar da mutum, a sa masa oksijin, a ba shi maganin rage kumburi, sannan a yi gashi da na'ura a wurin, wato a ƙona ƙarin da wani haske na musamman, ko a ci gaba da kemo, wani lokaci a sa ɗan bututu a cikin jijiyar ya buɗe ta. Da yawa cikin 'yan kwanaki fuskarsu ke saɓewa.

Amma ƙafafun nan su suka fi hana ni sukuni.

Ciwon dajin huhu yana yawan tsallakawa zuwa ƙashi, musamman ƙashin gadon baya. A cikin wannan ƙashi laka take, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara da hanji. Idan ƙari ya tsiro a ƙashin, ko ƙashin ya rufta, sai ya danne lakar. Ciwon baya ne ke fara zuwa, kuma yadda Baba ya kwatanta shi, kamar an ɗaure shi da igiya, haka masu wannan matsala suke kwatanta shi. Yana tsananta da dare in an kwanta, yana tsananta in an yi tari ko yunƙuri. Bayansa sai nauyin ƙafa, sai jin kamar ana tafiya a kan auduga, sai mutum ya kasa hawa matakala, sai fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, sai bayan gida ya tsaya. Laka ba ta jure matsi. Wanda aka kai asibiti yana iya taka ƙafarsa, yawanci yana ci gaba da takawa bayan magani. Wanda aka kai bayan ƙafafun sun mutu, da wuya su dawo. A nan da awoyi ake lissafi, shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin ɗaukar hoton MRI, wanda ke nuna lakar, su fara magani cikin awa 24 da zargin abin. Suna ba da wani magani mai suna deksametason domin rage kumburin da ke kewaye da lakar, sannan gashi, wani lokaci tiyata.

Na san wannan a gidanmu ba a asibiti kawai ba. Yayana da muke ciki ɗaya, Allah ya ji ƙansa, ciwon dajin da ke ƙirjinsa ya tsallaka baya lokacin ina aiki a wani gari mai nisa. Ya ce ƙafarsa ta yi nauyi, aka ce sanyi ne. Kwana uku ana shafa masa man zafi ana gasa masa baya da ruwan ɗumi, har aka kira mai ɗori ya murza. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi, kowa taimako yake yi. Ranar da na iso ya kwana biyu bai yi fitsari ba, mararsa ta cika tam, ƙafafun kuma ko yatsa ba ya motsawa. Mun kai shi, an yi abin da za a yi, amma bai sake takawa ba. Wata bakwai ya yi a kan gado ana juya shi. Ciwon da ke ƙirjinsa ba mu da ikon hana shi, amma watannin nan bakwai da zai iya yinsu yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Baba jiya ya taka zuwa banɗaki, ko da an riƙe shi. Wannan takawar ita nake so ku je ku ceto.

Wajen ɗaukarsa ku kula. Ban da babur, ban da pragya mai ƙafa uku, ban da bas ɗin trotro, girgizar hanya ba ta dace da bayan nan ba. Ki kira 112 ki nemi motar asibiti, ki faɗa musu unguwa da wata alama da direba zai gane, a sa yaro ya tsaya bakin titi ya tare su, domin lungunan Aboabo ba kowa ya san su ba. In kun ga za a daɗe, ku ɗauki taksi a kwantar da kujerar gaba. Mai matsalar baya an fi so ya kwanta a miƙe, amma Baba kwanciya ƙasa-ƙasa za ta ƙara masa kumburi ta toshe masa numfashi, kuma numfashi ne gaba. Saboda haka a kishingiɗar da shi, a tokare bayansa da filo tun daga ƙugu har kai, bayan ya zama a miƙe. Mutum uku su ɗaga shi tare, kada a ja shi ta hammata, kada a murɗa shi. A kwance masa maɓallin wuyan riga.

Ki tattara katin asibiti, katin inshorar lafiya na NHIS, hotunan ƙirji da takardar sakamakon naman da aka gwada, da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya. Kada ki ɓoye na gargajiya don jin kunya, likita yana buƙatar sanin abin da ya shiga cikinsa. In kun isa, maganar farko da za ta fito bakinki ita za ta sa a duba shi da wuri ko a ce ku zauna a benci. Kada ki fara da cewa ba ya jin daɗi. Ki ce: yana da ciwon dajin huhu, an yi masa kemo kwana tara da suka wuce, fuskarsa da wuyansa sun kumbura kwana huɗu, ƙafafunsa sun fara mutuwa tun jiya. Da Turanci ko da Tuwi, yaren Asante, duk wanda ya fi sauƙi a bakinki. Ki rubuta a takarda tun daga gida in kina tsoron ruɗewa. Ki kuma roƙa a sanar da likitocin sashen ciwon daji cewa majinyacinsu ya zo.

Jinyar nan doguwa ce, kuma wannan ba shi ne dare na ƙarshe da za ki tsaya kina tambayar kanki a jira ko a tafi ba. Don haka bari in faɗa miki sauran abubuwan da ba sa kwana a gida.

Na farko da nake so ki riƙe shi ne zazzaɓi, domin Baba yana cikin kwanakinsa yanzu haka. Kemo ba ƙwayoyin ciwon kaɗai yake kashewa ba, yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan allura. A wannan tsakanin ƙaramar cuta da lafiyayye zai kwana ya tashi da ita garau tana iya shiga jini ta kashe mutum cikin yini guda. Mu a Zango, da jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce, a aika yaro kantin magani ya sayo na zazzaɓi da farasitamol. Ga mai karɓar kemo wannan ɗabi'a tana kisa. Farasitamol yana sauke zafin, ku ɗauka an samu sauƙi, alhali cutar tana ci a ciki. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, ki ajiye kusa da gadonsa. Da ya nuna 38, ko Baba ya fara rawar sanyi yana karkarwa, ko ya yi laushi farat ɗaya ko da jikin bai yi zafi ba, ku tashi. A asibiti ƙa'idar ita ce a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda da isowarsa. In maleriya ce za su gwada su gani a can. Kuma a kwanakin nan a rage masu dubiya. Na san al'adarmu, ɗaki ya cika bayan la'asar, kowa ya miƙa hannu. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa daga ƙofa, ladansa ba zai ragu ba.

Sai jini a tari. Ɗan zare-zaren jini a majina abu ne da masu wannan ciwo ke gani, a faɗa wa likita a ranar ko washegari. Amma in jini ne zalla, ja, ya kai cokali biyu ko uku, ko yana fitowa da gudaji, ko yana ƙaruwa daga tari zuwa tari, wannan na gaggawa ne. Mutane suna ɗauka ƙarewar jini ce ke kisa a nan. Abin da ya fi saurin kisa shi ne shaƙewa, domin manyan hanyoyin iska gaba ɗayansu abin da suke ɗauka bai fi ƙaramin kofin shayi ba, jini kaɗan ke cika su. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, ki kwantar da shi a gefen huhun da ke ciwo, wato ga Baba gefen dama ya zama a ƙasa, domin kada jinin ya gangara cikin huhu mai lafiya. Kada a kwantar da shi rigingine, kada a ba shi ruwa ko wani jiƙo. Ki ajiye tawul mai duhu kusa, ganin ja a kan farin ƙyalle yana firgita marar lafiya da masu jinya. Kuma tun yanzu, kada kowa ya ba shi asfirin, ibuprofen ko diklofenak don ciwon baya sai da izinin likita, suna ƙara zubar jini.

Numfashi kuwa, ki san yadda nasa yake a kullum domin ki gane ranar da ya canza. In ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, in leɓensa ko farcensa sun yi duhu, in ƙirji ya soke shi farat ɗaya zuciya tana bugu, ba a jira. Dalilan suna da yawa kuma ba a gane su a gida. Ruwa yana iya taruwa a kewayen huhu ya matse shi, a zuƙe da allura mutum ya samu sarari nan take. Yana iya taruwa a kewayen zuciya. Ciwon sanyin haƙarƙari yana iya kama wurin da ƙari ya toshe. Jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma ciwon daji da kemo da yawan kwanciya duk suna sa jini saurin daskarewa. Saboda haka in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ita kaɗai, kada a murza ta, a kai shi. Ki roƙi Mma a daina turaren wuta da hayaƙin magani a ɗakinsa, a kuma nisantar da kurfoti, murhun gawayi, daga tagarsa.

Akwai kuma wanda ya fi ruɗa iyali: mutum ya fara sambatu, ya daina gane 'ya'yansa, ya yi ta barci ba ya tashi, ko ya faɗi yana jijjiga. A nan ne ake cewa iska ce ko an yi masa sammu, a kwana ana tofi. Ciwon dajin huhu yana iya sa sinadarin kalsiyam ya yi yawa a jini, alamarsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, bayan gida ya tsaya, sannan ruɗewa, kuma ƙarin ruwa da allura suna dawo da mutum hayyacinsa cikin kwanaki kaɗan. Yana iya sa gishirin jini ya yi ƙasa, shi ma gwajin jini ɗaya ke nuna shi. Yana iya tsallakawa ƙwaƙwalwa, alamarsa ciwon kai da asuba tare da amai, ko ɓarin jiki ya mutu, ko baki ya karkace. In ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai buge shi, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, sannan a kai shi ko da ya farfaɗo. Ban ce a bar addu'a ba, ni ma da ita nake kwana nake tashi. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadon asibiti. Malam na gaskiya da kansa zai ce ku tafi.

Abin da zai iya jira har wayewar gari ko ranar kati shi ne rashin cin abinci, zubewar gashi, kasala, tarin da bai canza ba, tashin zuciya da maganinsa ke kwantarwa. Amai da ya hana ruwa zama a ciki yini guda, ko ciwon da maganin da aka ba shi ya kasa, waɗannan ma a koma. In sun rubuta masa mofin kada ku ji tsoro, ba alamar an sallama shi ba ce, magani ne na ciwo mai tsanani kuma yana sassauta ƙuncin numfashi. Kafin a sallame ku, ki nemi lambar wayar da za ki kira a sashen idan wani abu ya taso.

Yanzu maganar Baba Ƙarami. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ke riƙe da kuɗin jinya shi ya san nawa ya rage, kuma sau da yawa in ya ce a jira, aljihu ne ke magana, kunya ta hana shi faɗa. Ga tsoro, ɗan'uwansa ne da suka tashi tare. Kada ki tsaya gardama da shi gaban mutane, ba za ki ci riba ba, kuma lokaci na tafiya. Ki sami yayanki wanda ya riƙe Baba jiya, shi ya ji nauyin ƙafafun a kafaɗarsa, ki karanta masa wannan amsa. Ku je tare wurin Baba Ƙarami, ku durƙusa, yayanki ya yi magana. Ya ce, Baba, mun tambayi ma'aikaciyar jinya ta ce wannan ba zafin allura ba ne, in aka yi jinkiri ƙafafun za su iya mutuwa gaba ɗaya, muna roƙo ka yi mana jagora mu kai shi yanzu. Ku bar masa girmansa, shi ya shiga gaba. In ta kuɗi ce, ku nuna masa cewa jinyar wanda ba ya tashi, da robar fitsari da gyambon kwanciya da mai juya shi dare da rana, ta ninka kuɗin zuwa yau sau da yawa. In ya ƙi, ku kira limamin masallacinku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a waya ma ya isa. In duk ya ƙi, ku tambayi mai jikin. Baba yana cikin hankalinsa, shi ke da iko da kansa, kuma Mma matarsa ce. Idan ya ce a kai shi, ku kai shi, a ba Baba Ƙarami haƙuri daga baya. Zama auta ko zama mace bai rage komai daga abin da idonki ya gani ba, kuma ke kika lura da hular da ta daina shiga.

Kuɗi kam za a kashe, ba zan ɓoye miki ba, domin ba kowane hoto da magani na ciwon daji katin NHIS ke ɗauka ba. Amma ba a tara kuɗi kafin a tafi gaggawa. Ku tafi da abin da ke hannu, wani ya zauna a gida yana kiran dangi su turo ta momo, wato kuɗin waya. Abokan aikinsa na Magazin suna da ƙungiyoyinsu, ku sanar da su. A asibitin kuma ki tambayi ofishin jin daɗin jama'a, ki faɗa musu halin da kuke ciki.

Ki gaya wa Baba ya daina tilasta wa kansa sujada. Lokacin da Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi rashin lafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Baba ya yi nuni da kai kaɗan daga inda yake kishingiɗe, sallarsa ta cika. Dattawa irinsa suna jin ciwon wannan fiye da ciwon jiki, don haka ki faɗa masa da taushi, ko ki sa limam ya faɗa masa.

Abu ɗaya kuma game da watanni huɗun da aka yi ana shan maganin tibi, domin na san yana cin ku a rai. Tibi da ciwon dajin huhu kamarsu ɗaya a farko: tari, rama, jini a majina, har inuwar da ke fitowa a hoton ƙirji. Tibi ya fi yawa a ƙasarmu, shi ya sa tunani ke fara zuwa kansa. Kada ku zargi kanku. Amma duk mai karanta wannan da ke da wani a gida yana shan maganin tibi wata biyu babu sauƙi, musamman in gwajin majina bai nuna ƙwayar ba, ko mutumin ya manyanta, ko ya taɓa shan taba, ya koma ya nemi a sake bincike. Taba ita ce babbar silar ciwon dajin huhu, Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta kusan kashi 85 cikin ɗari na wannan ciwo da ita, amma hayaƙin walda da hayaƙin dizal su ma an tabbatar suna jawo shi. In yayanki ya gaji sana'ar Baba, ya riƙa aiki a inda iska ke ratsawa, ya sa abin rufe hanci na gaske, kuma in yana shan taba ko shisha ya ajiye.

Tashi ki nemo yayanki, 'yata. Ki sa Mma ta haɗa ledar magunguna da bargo da filo biyu. Allah ya sa ku isa a kan lokaci, ya tashi kafaɗun Baba. In an kwantar da shi kin samu zama, ki aiko min da abin da likitoci suka ce.